Baƙuwa a Gidan Ustaz Ramzi

Ƙofata da ta Dakta Widad suna kallon juna ne, a hawa na uku na wani tsohon bene a unguwar Ibrahimiyya ta birnin Iskandariyya, inda gishirin teku ya cinye ƙarafan baranda har muka daina jingina da su. Ta riga ni zama a gidan. Ranar da muka tare ita ta fara ƙwanƙwasa mini ƙofa, tiren shayi a hannu, littafi a hammata, ta ce idan famfo ya ɗauke kada in wahalar da kaina, in zo in ɗiba a bahonta. Tun daga ranar muka ƙulla ƙawance.

'Yar Damanhur ce, ubanta akawu ne a tashar jirgin ƙasa. Ta zo Iskandariyya karatun Turanci, garin ya riƙe ta. Gajeriya ce, mai saurin tafiya, mai dariyar da ake ji tun daga ƙasan bene. A kwalejin da take koyarwa, fanninta shi ne labaran ban tsoro na Turawan da: tsohon gida a kan dutse, ɗaki a kulle da ba a faɗin abin da ke cikinsa, mamacin da ya ƙi zama a kabarinsa, mutumin da zai sha kwana ya yi kiciɓis da wani mai fuskarsa sak. Tana karanta su ne da idon masu tonon zuciyar ɗan Adam, waɗanda suke cewa duk abin da mutum ya danne a ransa bai mutu ba, jira yake yi.

Na taɓa tambayarta, muna yanka lalo a kicin ɗina, me mace mai hankali kamarta take nema a cikin tatsuniyoyin fatalwa.

Ta ce, "Ummu Adil, idan zaki ya shigo kicin ɗin nan yanzu, me za ki yi?"

Na ce, "In bar masa ke, kin fi ni tsoka."

Ta yi dariya ta ce, "Za ki kurma ihu ki ruga. Wannan tsoro ne mai lafiya, ba ruwana da shi. To a ce Adil ne ya shigo, ɗanki, da rigarsa da tafiyarsa, ya zauna ya ja kwano. Ya ɗago ya dube ki, sai kika ga idon nasa ne, amma shi ba ya ciki."

Na ajiye wuƙar, na nemi tsari.

Ta ce, "Yauwa. Wannan abin da ya bi miki ta baya yanzu, shi nake koyarwa. Baƙo ba ya tayar da tsikar jiki haka, sai na gida. Duk labaran nan, idan kika buɗe ɗakin da aka kulle, ba aljani za ki tarar ba. Abin da mutanen gidan suka yi ne, suka haɗa baki ba za su ƙara faɗa ba."

Mijinta, Ustaz Ramzi, injiniya ne a tashar jiragen ruwa. Dogo, mai tsabta, takalminsa kullum yana sheƙi. A unguwa ana ganin girmansa, kuma ban taɓa jin ya ɗaga mata murya ba, balle hannu. Nasa salon daban ne. Idan ta kawo abinci sai ya ɗanɗana, ya ture farantin kaɗan, ya ci gaba da karatun jarida. Idan baƙi suka zo sai ya nuna ta da haɓa ya ce, "Ga Daktar aljanu nan, wanda ke da fatalwa a gidansa ya yi magana, kyauta take dubawa." A yi dariya, ita ma ta yi. Allah bai ba su haihuwa ba, yayarsa kuwa, Abla Ihsan, ta daɗe da yanke hukuncin cewa littattafai ne suka busar da cikin.

Akwai shekarar da wata jami'a a Ingila ta nemi kwalejinsu ta turo malami ɗaya ya yi shekara a can. Kowa ya san Widad ce za ta tafi. Tana da babban littafin da take rubutawa, kuma tsofaffin bugun da take buƙata duk suna can. Ustaz Ramzi ya sa hannu a takardar fasfo ba musu, har ya raka ta sayen rigar sanyi. Ni na rage mata tsawon hannun rigar. Ana saura kaɗan tafiya, shugaban kwalejin ya kira ta ofis, ya ba ta kofi, ya ce an sake shawara, Dakta Nagwa ce za ta tafi.

Nagwa ƙawarta ce tun suna ɗalibai, gado ɗaya suka taɓa kwana a ɗakin 'yan mata. Widad ba ta tambaye ta komai ba. Ta dawo gida ta rataye rigar, ta ce mini, "Ko maciji ne na kwana gado ɗaya da shi, da na ji sanyin jikinsa." Daga ranar ko a matakalar kwaleji suka haɗu da Nagwa sai ta kau da kai. Ustaz Ramzi ya ce abin da Allah bai rubuta ba ba ya yiwuwa, ya ƙara da cewa dama abincin Ingila ba ya ciyuwa.

Shekaru suka tafi. Ta ci gaba da hawa taragon lantarki na layin Ramla zuwa aiki, littafin yana nan rabi. Ta kan ce mini mutanen kwalejin suna da kirki fiye da kima: ba a ba ta aiki mai nauyi, ba a sa ta a kwamiti, idan ta yi fushi a taro sai kowa ya yi shiru ya bar ta.

Ustaz Ramzi bai daɗe da yin ritaya ba ya yanke jiki ya faɗi a gidan shayi, wata safiya, yana tsaka da wasan dara. Jini ne ya fashe masa a kai. Ya yi makonni a asibiti, ya tashi da ƙafar hagu tana ja, amma bakinsa garau. Ina wurin ranar da ya buɗe ido sosai. Ya gane Abla Ihsan, ya gane ni, har ya tambayi Adil. Sai ya dubi Widad, wadda ta kwana a kujera tun ranar da aka kawo shi, ya daɗe yana kallonta, sannan ya jawo hannun yayarsa.

Ya ce a hankali, "Abla, wace ce wannan?"

"Matarka mana, Widad."

"A'a. Ta yi kama da ita, wallahi har tabon goshin. Amma ba ita ba ce. Ina kuka kai matata?"

Muka ɗauka magagin magani ne. Aka sallame shi, abin bai wuce ba. Likitan ya ce an san irin wannan ciwon: ido yana ganewa, amma igiyar da ke kai fuskar ga zuciya ta tsinke, sai mutum ya ga nasa bai ji komai ba, ya yanke cewa musanya aka yi masa. Ya ce kada a yi masa gardama, gardama tana ƙara masa firgita.

Da farko ya ƙi cin abin da ta dafa, sai na ɗanɗana a gabansa. Yana kulle ɗakinsa daga ciki. Abla Ihsan ta kawo mai ruƙiyya, ta kawo turare, ta tsaya a tsakiyar falo tana nuna kantocin littattafai tana cewa, "Shekara da shekaru ana kiran su a gidan nan, yau sun amsa." Widad ta ba ta kujera ta zuba mata shayi.

Sannu a hankali ya saba. Ya yanke a ransa cewa wata mata ce asibiti suka turo ta yi jinyarsa, aka zaɓo mai kama da matarsa don hankalinsa ya kwanta. Ya sa mata suna Madam. Abin da ya biyo baya kuwa, da ba a gabana aka yi ba da ban yarda ba. Idan ta shigo ɗaki sai ya yi ƙoƙarin miƙewa. Idan ta miƙa masa ruwa ya ce, "Allah ya sa wa hannunki albarka, Madam." Ranar da ta yi masa miyar lalo da zomo, ya cinye, ya suɗe cokali, ya ce, "Kada maganar ta fita, amma matata ba ta iya wannan ba." Tukunyar ce dai ta da, mai girkin ma ita ce. Da ya ga tana karatu a baranda sai ya tambaye ta me littafin ya ƙunsa, ta ba shi labari, ya zauna yana saurare baki buɗe, har ya ce ta ci gaba gobe.

Ta shigo wurina ranar tana dariya har da hawaye. Ta ce, "Ummu Adil, ashe mijina mutumin kirki ne. Ni ce dai ban dace da zama baƙuwa ba."

Maganar tarho kuma haka kawai ta faɗo. Wata rana bayan la'asar tana wurina, ta tuna ta bar wake a wuta, ta ɗaga tarhona ta buga gidanta don Abla Ihsan ta sauke. Shi ya ɗauka. Ina tsaye kusa, ina jin muryarsa.

"Widad? Widad, ke ce? Kina ina? Me na yi miki?"

Muryar ya gane, da yake babu fuska a gabansa. Ta riƙe kan tarhon da hannu biyu, ta ce masa tana Damanhur, wata gwaggonta ce ba lafiya, za ta dawo. Ya yi kuka kamar yaro. Ta ajiye, ta tsallaka zuwa ƙofarta da gudu ko takalmi ba ta sa ba. Ya ɗago ya dube ta ya ce, "Madam, albishirinki, matata ta bugo."

Daga nan ya zama kullum bayan la'asar sai ta zo ta buga. Kwanakin farko kuka ne da roƙo. Da ya tabbata tana nan ba ta ɓace ba, sai tsohon Ramzi ya dawo. "Har yanzu gwaggon taki ba ta mutu ba?" "Wace irin mace ce ke barin miji a hannun bare?" "Ki zo ki koyi girki wurin matar nan." Tana ta "to, to," ta ajiye, ta gyara gashinta a madubina, ta koma can a miƙe mata tsaye.

Na ce mata, "Ke da kika san kan irin waɗannan abubuwa, me kika gani?"

Ta ce, "Likita ya yi gaskiya, jijiya ce. Amma jijiya ƙofa kawai ta ɓalle, abin da ya fito dama yana cikin gidan. Me ya sa bai musanya ke ba, bai musanya Abla ba? Ya raba ni biyu ne. Wadda ba ya son haɗa ido da ita ya tura ta Damanhur, ya ajiye wadda ba ta bin sa komai. Da ɗaliba ce ta rubuto mini haka da na ba ta maki mai kyau." Ta miƙe ta ce, "Sai dai bayani ba ya wanke zanen gado. Bari in je."

Wata ranar Juma'a da hantsi, bayan an kwana biyu ana ruwa da iska, rana ta fito, muka fitar da shi baranda. Ni ina ɓare wake, ita tana yanke masa farce. Yana cikin nishaɗi, yana ba Madam labarin ƙuruciyarsa, har ya gangaro kan aure.

Ya ce, "Madam, kin taɓa aure?"

Ta ce, "Na taɓa."

"To kin san gida sai da dabara. Matata tana da ilimi, ban hana ta ba. Amma akwai shekarar da ta tashi za ta tafi Ingila. Shekara guda! Da na ce a'a, da na zama azzalumi a bakin duniya. Sai na sa hannu, na saya mata riga. Sannan na sa kwat ɗina na je wurin shugaban kwalejinsu, mu biyu kawai. Na ce masa matata ba ta da lafiya a kai, tana magana ita kaɗai, tana ganin abubuwa, wannan karatun nata ya taɓa ta. Na ce muna rufa asiri ne, amma idan ta je ƙasar mutane ta tuɓe a titi, sunan kwalejinsa ne. Mutumin har ya rako ni bakin mota yana ba ni haƙuri."

Ya yi 'yar dariya, ya dube ni ya ce, "Ummu Adil, amana ce fa." Sannan ya juya gare ta. "Da ta tafi, da ta gano tana iya rayuwa ba ni. Mace idan ta gano haka, shi ke nan. Ko ba gaskiya ba, Madam?"

Hannunsa yana cikin nata, almakashin yana kan ɗan yatsansa. Na kasa ɗaga ido daga almakashin nan. Ta yanke farcen a hankali, ta bi sauran ɗaya bayan ɗaya, ta share tarkacen a tafin hannunta.

Ta ce, "Gaskiya ne, Ustaz. Shi ke nan."

Ranar ba ta zo bayan la'asar ba. Washegari ma haka. Da na je na same ta, ta ce, "Widad ta daina bugowa."

A makon ta shirya ta tafi gidan Nagwa a unguwar Rushdi, da kwalin kayan zaƙi. Ta dawo da kwalin. Ta ce Nagwa ta karɓe ta a falo, ta saurare ta har ƙarshe, sannan ta ce ai ta sani. Shugaban ya gaya mata tun a lokacin, ya gaya wa manyan malamai, don a riƙa lallaɓa ta. Duk kwalejin sun sani. Nagwa ta ce, "Na zo ƙofar ofishinki ban san iyaka ba don in gaya miki, kina ganina ki juya baya. Sau ɗaya ba ki tambaye ni ba, Widad. Ke da kike koya wa yara cewa a fara duba cikin gida, ni kika fara dubawa." Ba ta kore ta ba, ba ta kuma ce ta dawo ba.

Widad ta zauna a kujerata da kwalin a cinya. Ta ce, "Kin tuna ina ce miki suna da kirki? Ashe mahaukaciya suke wa ladabi."

Shi kuwa Ustaz Ramzi, da la'asar ta yi sai ya ja kujera kusa da tarho ya zauna, ya ɗora hannu a kai. Idan ya yi ƙara ya ɗauka da rawar jiki, ya ji mai gyaran gas ne ko Abla Ihsan, ya ajiye. Ya sa aka buga Damanhur, aka ce masa gwaggon ta daɗe da rasuwa. Ya fara rama. Abla Ihsan ta zo ta yi masifa, da masifar ba ta ci ba ta koma roƙo, har ta kama hannun Widad za ta sumbata, abin da ban taɓa zaton zan gani ba.

"Don Allah, ƙanwata, tsallaka kawai za ki yi. Kalma biyu. Mutumin nan mutuwa zai yi."

Widad ta ce, "Abla, ina yi masa wanka, ina ba shi abinci a baki, ina juya shi kada ya yi gyambo. Duk abin da Madam za ta iya, tana yi. Waccan kuwa ba ta da lafiya a kai, shi ya faɗa. Ba a ba mahaukaciya tarho."

Ni ma na roƙe ta. Na ce ba don shi ba, don kanta, kada abin ya zauna mata a rai. Ta ce in ƙara mata sukari a shayi.

Ba ta rage masa komai ba a jinya. Tana karanta masa labaransa a baranda, yana gode mata. Wani lokaci ya tsayar da ita ya ce, "Madam, a ganinki me ya sa ta daina?" Ta ce, "Wa ya san zuciyar mutane, Ustaz." Ta ci gaba daga inda ta tsaya.

Ya kai bazara. Ranar da zai cika, da azahar ne, muna ɗakin mu uku. Ya yafito ta da yatsa, ta sunkuya. Abla Ihsan ta matso tana kuka, tana zaton ya gane ta a ƙarshe.

Ya ce, "Madam, na gode da ɗawainiya. Idan matata ta bugo, ki ce mata na ce ba a yi wa miji haka."

Ta ce, "Zan gaya mata."

A zaman makoki Abla Ihsan ta faɗa wa duk matar da ta shigo cewa ƙaninta ya mutu yana kiran matarsa, matar tana tsaye a kansa ta ƙi amsawa. Widad tana zagawa da kofi marar sukari, har ita Ablar ta miƙa wa.

Ba ta daɗe ba ta ajiye aiki. Darasinta aka soke shi, aka ce yara sun fi buƙatar Turancin kasuwanci. Littafin nata bai ƙaru da shafi ko ɗaya ba. Ta ce ta san ƙarshensa, ba ta da sha'awar rubutawa. Ta koma koya wa 'yan matan unguwa Turancin jarrabawa a teburin cin abincinta, kuma an ce ta fi kowa iyawa.

Bayan an yi shekara da rasuwarsa muka je kabarinsa tare, domin ta ce ba ta son Abla Ihsan ta samu abin faɗa. A hanyar dawowa, a cikin tarago, na tambaye ta ko ta taɓa yin da-na-sanin ƙin bugawar nan.

Ta juya ta dubi teku ta taga. Sannan ta ce, "Ba wannan ke hana ni sukuni ba. Kin san abin da ban yafe masa ba? Ba Ingila ba ce. Watannin nan da yake miƙe mini tsaye, yake cewa in ci gaba da karatu gobe, su ne mafi daɗin aurena. Ashe ya iya tun farko."

Taragon ya tsaya a Ibrahimiyya. Ta riga ni sauka, ta ce in yi sauri, ɗalibanta suna jira a matakala.